Sirdin Surukina

Ni na sauko da shi daga kan tirela, don haka ni na fara ganin fuskarsa. A lokacin ina tuƙa winshi, wato motar ɗaga kaya, a wani babban filin tsofaffin ƙarafa da ke kudancin Jidda, bayan unguwar Mahjar. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Abin da jiragen ruwa suka saba kawo mana bai wuce matattun injuna da bututu da wayoyi ba, sai ran nan aka yaye tamfol muka ga mutum a kan doki, dukansu na tagulla, sun yi kore shar saboda daɗewa a waje. Dokin ya fi na gaske girma, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Mahayin soja ne mai murɗaɗɗen gashin baki, ƙirjinsa cike da lambobin yabo, ya miƙa takobi yana nuna wani wuri. Mun bi takobin da ido, ba mu ga komai ba sai tulin tayoyi.

Ba wanda ya san sunansa. A ƙasan ƙafafun dokin akwai ramuka huɗu inda aka kwance allon da ke ɗauke da sunan. An ce daga wata ƙasa ta hayin teku aka kawo shi, inda mulki ya sauya hannu, sababbin masu gari suka tumɓuke shi daga dandali suka sayar da shi da nauyi. Na daɗe ina kallonsa yana lilo a ƙugiyata. Mutumin da aka yi wa irin wannan aiki dole ya taɓa cin wani yaƙi, an yi masa kiɗa, 'yan makaranta sun haddace sunansa. Ga shi yau ɗan Takari na juya shi a sama yana neman inda zai jingine shi. Na ji tausayinsa, gaskiya.

A filin nan surukina yake aiki, mahaifin matata. Maƙerin tagulla ne, mutumin Damagaram, wanda ya tako tun yana saurayi ta Cadi da Sudan ya zo Hajji, bai sake komawa ba. Aikinsa a wurin shi ne rarrabe ƙarfe. In ya ƙwanƙwasa abu da ƙaramar gudumarsa ya saurari ƙararsa, zai gaya maka jan ƙarfe ne ko farar tagulla ko gauraye, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta mutanen da. Ni a Jidda aka haife ni, na tashi cikin Larabawa inda suruki da mijin 'yarsa ke cin shinkafa a faranti ɗaya suna gardamar ƙwallo. Shi kuwa bai san wannan ba. Shekara biyar da auren 'yarsa bai taɓa kallon tsabar idona ba, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabana ba. Da safe in durƙusa in ce, “Baba, ina kwana,” ya amsa yana duban wani waje, shi ke nan an rufe magana sai gobe. Taku ashirin ne tsakanin rumfarsa da motata, amma in yana son in matsar masa da wani inji sai ya faɗa wa 'yarsa a gida da yamma, ita ta faɗa mini, ni in matsar washegari. Sau nawa na ce mata wannan ba kunya ba ce, wahala ce. Sai ta yi dariya ta ce in ci gaba da haƙuri, ai ni na ga 'yar mutane na ce ina so.

A shekarar nan hankalinmu a tashe yake. Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, har ta kai yana laluben kofin shayinsa. Kafilinmu, mai filin, wanda takardun zamanmu duka ke hannunsa, ya lura. Ya kira ni gefe ya ce iƙamar tsohon, wato takardar zamansa, saura wata uku ta ƙare, kuma ba ya jin zai sabunta ta, gara ya koma ƙasarsu ya huta cikin danginsa. Ba mugun mutum ba ne, shi a ganinsa alheri ma yake yi. Abin da bai sani ba, Baba ba shi da kowa a can. Iyayensa sun rasu, gidansu ya zama na wasu. Matarsa ta rasu, a Jidda take kwance, 'yarsa ɗaya tilo tana ɗakina. Burinsa bai wuce ya mutu kusa da ita a rufe shi a ƙasar da aka rufe uwarta ba. Ni kuwa ba ni da ikon ɗaukar nauyin takardun kowa, nawa ma a hannun wani suke. Matata ta daina cin abincin kirki.

Kwana biyu da saukar dokin kafili ya zo ya zagaya shi sau uku yana shafa wuyansa. Da ma narkewa aka saye shi a yi, amma ya ga abin ya fi ƙarfin tukunya. Lokacin ne ake ta kakkafa manyan ƙere-ƙere a shataletalen gari, kowane mai hali yana son nasa a gida. Ya ce zai kai dokin gidan hutunsa da ke arewacin gari ya kafa a lambu. Mahayin ne matsala. Ya ce doki zai iya kare kansa a kai in 'yan'uwansa sun yi magana, amma mutum mai fuska da idanu, a tsakar gidan Musulmi, ba zai iya ba. A sauke shi.

Mai waldarmu ya hau ya duba ya sauko yana girgiza kai. Ya ce tare aka zuba su, mutumin da dokin jiki ɗaya ne. In aka yanke shi, bayan dokin zai zama rami, haƙarƙarinsa ma haka inda ƙafafun suka sauka, kuma duk facin da aka yi zai fito kamar facin taya. Muna tsaye cirko-cirko sai muka ji muryar Baba daga baya, da Larabcinsa na aiki, yana cewa shi zai iya. Ya ce ba faci za a yi ba, sirdi za a zuba masa ya rufe ramin, kuma da tagullar mahayin za a zuba don launin ya zo ɗaya. Kafili ya dube shi, ya dubi idanun nan masu yana, ya ce, “Ya Hajji, in ka yi shi ya yi kyau, iƙamarka a wuyana.” Bai faɗi abin da zai faru in bai yi kyau ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ranar da aka yanke sojan ni na ɗaga shi. Ya rabu da dokin yana wangale ƙafafu, cikinsa fayau babu komai. Na yi niyyar jefa shi kan tulin ƙarafa yadda muke yi wa kowane kaya, sai na ga Baba ya shimfiɗa buhuna a ƙasa ya tsaya a gefensu. Na gane abin da yake nufi. Na sauke shi a hankali. Ya cire takobin da kansa, ya rufe fuskar da buhu kafin a fara sassara shi. Mai walda ya yi masa tsiya, ya ce ko sallar gawa za mu yi. Baba ya ce, “Soja ne. Wata ce ta haife shi.”

Daga nan ya shiga aiki irin na gidansu. Ya aiki 'yarsa ta gaya mini in sayo kakin zuma a shagunan masu turare na Balad, tsohon garin Jidda, in samo yumɓu, in kuma samo kashin doki busasshe da za a kwaɓa yumɓun da shi don kada ya tsage a wuta. Yadda suke yi shi ne a gina abin da kaki tukuna, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar tagulla ta maye gurbinsa. Duk abin da hannu ya bari a jikin kaki, tagulla za ta ɗauka. Ya gina rumfa ta buhuna a kan dokin, ya kafa tsani, kullum yana sama daga hantsi har la'asar. Da yatsu yake gani. Sai ka hango shi ya rufe ido ma gaba ɗaya yana murza kakin da babban yatsa.

Neman kashin doki ya kai ni wani barga na masu sukuwa a bayan gari, inda na ga sirdunan Larabawa rataye a bango. 'Yan ƙanana ne, shafaffu, kamar an ɗora wa doki tafin hannu. Irinsu ne a hotunan da ke ofishin kafili. Da na dawo na leƙa rumfar Baba lokacin da ya tafi alwala. Abin da ya gina da kaki sirdin Hausa ne sak: kwacciyar gaba ta miƙe tsaye, ta baya ta yi faɗi ta tashi kamar jinginar kujera, ga jalala ta sauko ta rufe haƙarƙari, ga faffaɗan likkafu masu ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya. Kyau kam ya yi kyau. Amma ba shi kafili ke jira ba, na san wannan kamar yadda na san hanyar gidana. An ce wa tsoho sirdi, ya yi sirdin da ya sani.

Da yamma na faɗa wa matata, na ce ta roƙe shi ya rage tsawon kwacciyar tun abin yana kaki. Ta je ɗakinsa ta dawo ta ce, “Ya ce a gaya wa direba ya riƙe motarsa.” Raina ya ɓaci. Na ce ta koma ta gaya masa zamansa a ƙasar nan ne a kan kwacciyar nan. Ta ce ita ba za ta iya maimaita wa mahaifinta magana sau biyu ba, in ina da ƙarfin hali in je da kaina. Ba ni da shi. Dabarar da na yi ita ce na yago hoton dokin sukuwa daga wata mujalla, da sirdinsa a fili, na ajiye a kan bencinsa na danne da dutse. Da azahar na wuce na tarar ya ɗora butar shayi a kai. Ban sani ba ko bai gani ba ne ko ya gani sarai, har yau ban sani ba.

Aka lulluɓe kaki da yumɓu, aka gasa, aka narkar da sojan. Gunduwa-gunduwa aka zuba sirdin, kashi biyar, mu shida muna riƙe da tukunya Baba yana ba da umarni da hannu. Ina kallon lambobin yabon nan suna nutsewa cikin jan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka fasa yumɓun aka haɗa gutsattsarin a bayan dokin, ko layin walda ba ka gani. Ya shafe shi da wani haɗi na gishiri da ruwan tsami, ya bar shi a iskar teku, cikin 'yan kwanaki sabon ya fara ɗaukar koren tsohon. Ma'aikata suna ta yabo. Ni dai lissafi nake, iƙama saura mako biyu.

Kafili ya zo da hantsi. Aka janye buhunan. Ya tsaya, ya cire tabarau ya mayar, sannan ya ce, “Esh hada? Mene ne wannan? Ya Hajji, sirdi na ce ko kujerar aski?” Wasu suka yi dariya, suka ga fuskarsa suka haɗiye. Ya ce baƙinsa masu dawaki ne, za su mayar da shi abin dariya a majalisa. Ya tambayi Baba a ina ya taɓa ganin sirdi haka, kuma me ya sa bai tambaya ba kafin ya ɓata tagulla.

Baba ya buɗe baki ya fara da Larabci, ya kakare. Larabcinsa na guduma ne da wuta da awo, shekara talatin da wani abu bai taɓa buƙatar fiye da haka ba. Kafili ya gaji da jira ya juyo kaina ya ce, “Kai, yalla, ka tsaya tsakaninmu. Ya faɗa da yarenku ka fassara.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Na matso na tsaya a gaban surukina, kusa da shi fiye da yadda na taɓa tsayawa, ina jin warin kaki da gawayi a rigarsa. Kansa na sunkuye. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaina, da idanun nan farare, ya ce, “Ɗana, ka faɗa masa yadda zan faɗa maka, kada ka gyara.”

Ya ce yana da wa, su biyu ne wurin uwarsu. Lokacin babban yaƙin Turawa, Faransawa suka aiko kowane gari ya ba da samari, sunan wansa ya fito. Mahaifinsu ya ce ɗansa ba zai je bariki a ƙasa kamar ɓarawo ba. Ya ari doki, ya ɗaura masa sirdin gidansu wanda shi da kansa ya ƙera wa likkafu. Wan ya hau, shi Baba yana ɗan shekara goma sha biyu ya bi shi a ƙasa, yini guda suna tafiya. A ƙofar bariki aka ce doki ba ya shiga. Wan ya sauka ya miƙa masa linzami ya ce ya kai gida, ya kula da sirdin kafin ya dawo.

“Ni na jawo dokin har gida,” in ji Baba. “Ban hau ba. Uwarmu tana ƙofar gida ta hango sirdi ba kowa a kai.”

Baba ya ci gaba, ina fassarawa. Ya ce ba a kawo musu takarda ba, ba a kawo gawa ba, ba wanda ya taɓa gaya musu ƙasar da ya faɗi. Ya ce ranar da aka ɗaga sojan nan aka bar bayan dokin fayau, abin da ya gani ke nan. Ya ce ya ga hoton da aka ajiye masa a benci, ko bai gan shi da kyau ba ya san me ake nufi, kuma ya gwada, hannunsa ya ƙi. “Wannan mai gashin bakin an yi masa doki an kafa a dandali. Nawa ko tudun ƙasa bai samu ba. In kafili ya ga in tafi, zan tafi. Amma wani sirdin ban iya ba.”

Na faɗa duka, ban gyara ba, ko da yake a jimlar ƙarshe na so in gyara. Kafili ya juya wajen dokin. Ya matsa ya kama likkafa ɗaya ya jijjiga ya ji ƙarfinta. Ya tambaya, ta bakina, ko wan nasa yana da 'ya'ya. Baba ya ce ko aure bai yi ba. Kafili ya yi masa addu'ar rahama a hankali, ya juya ya nufi motarsa yana gunaguni cewa duk da haka za a yi masa dariya. Sai da ya buɗe ƙofa ya waiwayo ya ce mini, “Halas, shi ke nan. Gobe ka ɗora shi ka kai. Ka taho mini da iƙamar tsohon da hotuna biyu.”

Kada wani ya ɗauka daga ranar muka zama abokai da Baba. Washegari na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban tulin tayoyi kamar kullum. Tun daren da ya gabata kuma matata ta ce ya ce a gaya wa direba ya sa buhu a ƙarƙashin sarƙa kada ta goge kwacciya. Bai sake ce mini ɗana ba har ya bar duniya, sau ɗayan nan ne, kuma ya ishe ni.

Shekara-shekara kafili ya riƙa sabunta masa takarda, ko bayan idon ya rufe gaba ɗaya ya daina zuwa fili. Shekara huɗu ya ƙara. Ya rasu a ɗakinsa a Mahjar, kansa a cinyar 'yarsa, aka rufe shi a maƙabartar da aka rufe matarsa. Abin da ya roƙa ya samu. Sai dai kaburburan Jidda ba a rubuta musu suna, dutse ne a kai da ƙafa, duk iri ɗaya, kuma mata ba sa shiga. Matata ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba. Ni da na sa shi da hannuna, bayan shekara biyu na koma na kasa nuna wurin.

Wata Juma'a bayan la'asar ta ce in kai ta ta ga dokin. Na yi mata faɗa, na ce me za ta yi da mutum-mutumi, addu'a daga ɗaki ma tana isa. Ta ce ta sani, ba addu'a za ta je yi ba, kuma in ba zan kai ta ba za ta hau tasi. Na kai ta. Mai gadin gidan mutumin Cadi ne, ya san Baba, ya buɗe mana ƙaramar ƙofa da yake masu gidan ba sa nan. Dokin na tsaye a tsakiyar ciyawa ya ɗaga ƙafa, sirdin ya yi kore ɗaya da jikinsa, wanda bai sani ba zai rantse tare aka zuba su.

Ta zagaya shi. Ta kai hannu ƙarƙashin likkafar hagu, inda ba a gogewa saboda ba mai gani, sai na ga ta tsaya cak. Ta ce in zo. Na sunkuya na leƙa. Shatin babban yatsansa ne a jikin tagullar, inda ya danna kakin ya riƙe, har zanen fatar ya fito, har da tabon da tsohuwar ƙuna ta bar masa a gefen yatsan. Ta sa nata yatsan a ciki, ya yi mata yawa.

Daga ranar ban sake yi mata faɗa ba. Mun yi ta zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, har kafili ya rasu, 'ya'yansa suka gaji gidan, mai gadin ya tsufa ya kawo ƙanensa. Zuwanmu na ƙarshe da nake tunawa jikokinmu biyu na mota suna rigima a kan alawa. Ba ta daɗewa. Takan shiga ta sa yatsanta a wurin ta ce, “Baba, mu ne,” ta ɗan tsaya, sannan ta gyara mayafi ta ce mini mu tafi kada magariba ta same mu a hanya.